Lyle Ya San Ku

Asabar, 6 ga Oktoba, da yamma

Ƙafafuna sun kumbura. Tun sassafe muke tsaye a ɗakin taron 'yan kwana-kwana na garin Marek, ana tuyar fanke ana rabawa, Lyle yana gaisawa da jama'a, ni kuma ina zuba kofi kamar an ɗauke ni aiki. Saura wata guda zaɓe. Shekara talatin mijina yana mataimakin sherif a gundumar nan. Shi ne raba faɗa, shi ne ciro mota daga rami, shi ne ƙwanƙwasa ƙofar mutane in an yi haɗari. Yanzu da mai kujerar zai yi ritaya, sai aka ce wa ya fi Lyle Benda dacewa ya shugabanci 'yan sandan gunduma. Ni na zaɓi abin da aka rubuta a allunan takararmu: LYLE YA SAN KU. Ba ƙarya na yi ba. Mutumin nan ya san sunan kowa, da sunan karensa, da wanda ya sayar masa da karen.

Abokiyar karawarsa, Renae Ostrander, ita ma ta zo. Ba ta daɗe da dawowa daga aikin 'yan sandan jiha ba. Yarinya ce mai natsuwa, aibinta ɗaya ba ta iya hira da tsofaffi ba. Ta gaishe ni da ladabi. Na so ta yi mini rashin kunya ko na samu abin rubutawa a kanta.

Dwayne Pokorny ya zo da farantinsa, Lyle ya kama hannunsa ya ce, "Leonard, yaya shanu?" Leonard mahaifin Dwayne ne, kuma Lyle da kansa ya shiga gaban motocin jana'izarsa shekarun baya. Dwayne ya bushe da dariya ya ce, "Haba Yallaɓai, na san na tsufa, amma ban kai can ba tukuna." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Gajiya ce. Aiki ya yi masa yawa makon nan.

Talata, 9 ga Oktoba, da hantsi

Ya tambaye ni ko mun kai allo gidan su Hajek. Jiya muka kafa shi tare, shi ya riƙe gudumar. Gajiya ce.

Alhamis, 11 ga Oktoba, da yamma

Na samo dabara. In za mu shiga cikin mutane sai in saƙala hannuna a nasa, in riga shi magana da ƙarfi: "A'a, ga Carol matar Gene, yaya gwiwar?" Da zarar ya ji sunan, sauran sai ya zubo masa kamar an buɗe famfo, shekarar da rumbunsu ya kama wuta, ɗansu da ke soja, komai. Carol ta tafi tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai riƙe abu kamar Lyle ba.

Doreen mai gidan abinci, ƙawata tun muna firamare, ta lura.

"Ke Marlys, wannan manne wa miji fa? Sai da kuka yi furfura kuka tuna ku ango da amarya ne?"

Na ce, "Ɗan takara nake tsaro, kar zawarawan Marek su yi gaba da shi."

"Wa zai saci wannan, tumbi kamar buhun masara?"

Lyle ya ce, "Doreen, tumbin nan kek ɗinki ne. Ranar da aka kama ni, sunanki zan fara faɗa."

Ta yi dariya, amma idonta a kaina yake. Ban so kallon ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, bayan coci

Kendra ta bugo daga Denver. Ta ce, "Mama, Baba lafiya kuwa? Jiya sau biyu ya kira ni, labari ɗaya ya ba ni." Na ce murnar takara ce ta yi masa yawa, ta san ubanta da son labari. Ta ce to. Yarinyar nan ta gaji "to" ɗina, na san abin da yake nufi.

Laraba, 17 ga Oktoba, da tsakar rana

Doreen ta zo gidan nan, ita da ba ta barin shago lokacin abincin rana ko gobara ake yi. Kwalin kek ne a hannunta, ta ɗaure shi da zare. Ta ce kar in buɗe a bakin ƙofa. Da na karɓa nauyinsa ya gaya mini ba kek ba ne.

Muka shiga kicin. Ta ce, "Bindigar Lyle ce. A banɗakin maza na same ta, a kan tankin ruwa. Allah ne ya sa na shiga gogewa kafin yaran makaranta su zo cin abinci."

"Wa ya gani?"

"Ni kaɗai."

Na ce, "Kowa yana mantuwa, Doreen."

Ta ce, "Kowa yana manta hula, Marlys."

Na ji haushinta sosai, irin haushin da ake jin mai gaskiya. Ta tafi ko kofi ban ba ta ba.

Can sai ga Lyle ya dawo, fuska ta koɗe, kube a ƙugu babu komai ciki. Na leƙa ta taga na gan shi yana ɗaga kujerun mota. Da ya shigo na riga na ajiye masa ita kusa da farantinsa. Ya ɗauka, ya duba harsashi, ya mayar da ita kube. Muka ci abinci. Ya ce naman ya yi daɗi.

Alhamis, 18 ga Oktoba, da sassafe

Yaran makaranta. Abin da ke ta yawo a kaina ke nan.

Asabar, 20 ga Oktoba, da safe

Jiya aka yi muhawara a makarantar sakandare, kuma ni ce dai nake neman zarewa, don babu abin da ya sami mutumin nan. Aka yi tambaya kan satar maruƙa. Renae ta kawo lissafi da tsari, mai kyau kuwa. Lyle ya tashi ya lissafa hanyoyin da ɓarayin ke bi ɗaya bayan ɗaya, da gonar da ke bakin kowace, da wanda ya kamata a kira a kowace gona. Ya kira mutane da sunansu daga kan dandamali, ni kuwa ina can layi na uku ban ce uffan ba. Aka yi ta tafi. Na yi barci kamar an yi mini duka.

Ashe gajiya ce. Na faɗa.

Tsoho Emil Vondra ya rasu jiya a asibiti. Talata za a binne shi. Matarsa, Inna Alma, ta aiko cewa Lyle take so ya shiga gaba, ba wani yaro ba.

Talata, 23 ga Oktoba, da almuru

Bari in rubuta yadda aka yi.

Jan jana'iza ba baƙon aiki ba ne wurin Lyle. Motar sherif a gaba, fitilu a kunne, ba jiniya, motar gawa a bayanta, sannan jama'a. Wanda ya ci karo da jerin ya sauka gefen hanya ya tsaya. A ƙofar maƙabarta ya fito ya cire hula ya dafa a ƙirji har motar ƙarshe ta shige. Ya yi wa iyayena, ya yi wa iyayen rabin mutanen da ke cocin yau. Daga coci zuwa maƙabarta kuma ko saniya ta san hanya: a miƙe arewa, a yi hagu a babban rumbun hatsi.

Bai yi hagu ba.

Ina motar Doreen, ba mu da nisa da gaba. Na ga motar gawa ta ɗan rage gudu a mararrabar, sannan ta bi shi. Kowa ya bi. Wa zai ƙi bin Lyle?

Doreen ta ce, "Ina za shi?"

Na ce, "Ƙila an rufe hanyar."

"Jiya na bi ta."

Muka bar kwalta muka hau tsakuwa, muna ta tafiya tsakanin gonakin da aka girbe. Sai da na hango injin jan ruwan nan mai karyayyen fiffike na gane inda muke. Tsohuwar gonar Vondra ce, wadda suka sayar tun lokacin da ɓarin jikin Emil ya shanye. Ba kowa a gidan yanzu sai ciyawa da aka tara.

Ya tsaya a bakin shinge. Ya fito yana duban gidan, yana gyara ɗamara, irin tafiyar da yake yi in an kira shi wani gida. Sai ya juyo ya ga fitilu a jere har inda ido ya ƙare. Hularsa na kansa. Na san fuskar mijina a duhu da haske, amma wannan ban taɓa ganinta ba. Na kama murfin mota, amma ban sauka ba.

Inna Alma ce ta fito. Tsohuwar da sai an riƙe ta take hawa matakalar coci, ta dogara sandarta ita kaɗai har gabansa, ta kama hannunsa, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji: "Allah ya yi maka albarka, Lyle. Ka kawo shi ya yi sallama da gida." Ya dube ta. Ya dubi motar gawa. A hankali ya cire hular ya dafa a ƙirji.

Mutane suka firfito suna kuka, manyan maza da hannuwa kamar faranti. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a a bakin shingen. Da za a juya Inna Alma ta ce ita fa ba ta taɓa hawa motar 'yan sanda ba, yau sai ta hau. Ta zauna kusa da shi har maƙabarta.

Doreen ta sauke ni a gida ba ta kashe mota ba. Ta ce, "Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ba zan ƙara kawo miki kwali ba."

Laraba, 24 ga Oktoba, da yamma

Allunanmu sun ƙare. Mutane har gida suke zuwa nema. Duk inda na shiga labarin ake yi, yadda Lyle ya kai Emil gida, har an fara ƙara masa gishiri, wai Emil ne ya roƙe shi a asibiti. Dwayne ya tsayar da a-kori-kurarsa a tsakiyar titi ya leƙo ya ce, "Uwargidan sherif, an gama zaɓe, sai dai a yi na cika ƙa'ida."

Na haɗu da Renae a kanti. Ta ce, "Abin da ya yi jiya, ni ko shekara ɗari zan yi ba zai zo mini a rai ba. Shi ya sa suke son sa." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsoro nake ji. Da ina tsoron a gane. Yanzu ina tsoron zai ci.

Alhamis, 25 ga Oktoba, da hantsi

Na same shi a bayan gida yana faskare. Na tsaya har ya ajiye gatarin.

Na ce, "Baban Kendra, me ya kai ka gonar Vondra?"

Ya ce, "Ba ki ji a gari ba? Kai Emil gida na yi."

"Ni ce fa."

Ya zauna a kan kututture. Sannan ya ce, "Na ɗauka kira aka yi daga gidan. Na ɗauka Emil ne ya sake faɗuwa, Alma ta bugo. Ina ta sauri in isa. Da na juyo na ga motoci, sai na ce a raina, waɗannan me suke bi na?"

Ban yi kuka ba. Na kwashe itacen na kai ciki, na dawo na sake kwasa. Ya ce, "Tun yaushe kike faɗa mini sunayen mutane?" Ashe ya sani. Na ce ban ƙirga ba.

Litinin, 29 ga Oktoba, da yamma

Mun je birni. Likita ya ba shi kalmomi ya riƙe, ya sa shi zana agogo, aka ɗauki hoton kansa. Ya faɗi sunan abin da yake zato. Ba zan rubuta shi a nan ba.

A hanyar dawowa ni na tuƙa. Allunansa muka yi ta wucewa, gona bayan gona.

Talata, 30 ga Oktoba, da hantsi

Yau ya tashi garau, kuma ranakun garau ɗin sun fi ba ni tsoro. Ya yi aski yana waƙa, ya sa kaki. Ya ce likitocin birni in ba su samo wa mutum ciwo ba ba sa iya barci, ya ce shi da ya kayar da Renae a muhawara ne za a ce ya zana agogo.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "In ka fita da bindigar nan, da ƙafata zan je wurin sherif."

Ya dube ni kamar bai taɓa jin muryata ba. Ya ce, "Ke?" Ya raɓa ni ya wuce.

Na ɗauki makulli na shiga mota. Ina ciki har yanzu, a kan sitiyari nake rubutun nan. Ban tayar ba. Matsoraciya ce ni, kuma ina jin haushinsa, kuma ina son sa, duk a lokaci ɗaya.

Laraba, 31 ga Oktoba, da tsakar rana

Bai faɗi abin da ya faru jiya bayan fitarsa ba, ban tambaya ba. Na dai ga ya dawo da wuri, takalmansa duk laka, bai ci abinci ba. Yau da safe ya ce in kai shi ofis. Ya shiga da bindiga da bajon aikinsa, ya fito babu su. Ƙugunsa ya zama wani iri, sai hannunsa ya riƙa zuwa wurin yana dawowa.

Daga nan muka je wurin magatakardar gunduma. Ta ce lokacin cire suna ya wuce, an buga takardun ƙuri'a, wasu ma sun riga sun jefa ta gidan waya. Sunansa zai fito ranar Talata ko yana so ko ba ya so.

A mota na kawo shawara. Na ce ya yi shiru a yi zaɓe, in ya ci sai ya ce lafiya ta hana, majalisar gunduma ta naɗa wani. Ba wanda zai san komai, labarin Emil ya zauna yadda yake.

Ya ce, "In karɓi ƙuri'ar mutane in miƙa wa mutum uku na majalisa a ɗaki?"

Na ce, "Mutuncinka nake so."

Ya ce, "Marlys, yau na san abin da ke damuna. Jiya da safe ban sani ba, kin gani da idonki. In na ci, kina da tabbacin wanne daga cikinmu zai tashi ranar rantsuwa?"

Ya ce a cikin kwanakin da suka rage zai bi gida-gida, yadda ya bi ya roƙi ƙuri'a, ya roƙi kar a ba shi. Ya ce in taho da guduma, allunan sun kafu sosai.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, da yamma

Ban taɓa jin ɗan takarar da ya yi irin wannan yawo ba. Ni ke tuƙi. Mu tsaya, ya ƙwanƙwasa, ya cire hula, ya ce, "Na zo karɓar allona. Kaina ya fara yi mini gardama, ba zan iya riƙe muku aikin ba. Ku ba Renae." Kalmomin ke nan a kowane gida, bai yarda na yi masa kwaskwarima ba. Wasu su rungume shi. Wasu su yi ta kallon ƙasa. Carol ta ce ai man kwakwa yana magani, ta ba mu kwalba guda.

Dwayne ya tare ƙofar shingensa ya harɗe hannu.

"Allon nan nawa ne, a filina yake. Wanda ya taɓa shi sai na kira 'yan sanda."

Lyle ya ce, "Kira su mana, ka ga ko zan zo."

"Yallaɓai, rabin kanka ya fi cikakken kan wasu."

"Dwayne, jikarka tana cin abinci a shagon Doreen. Na bar bindiga a banɗakin shagon nan da harsashi a ciki." A gabana ya faɗa, ban san zai faɗa ba. Dwayne ya juya ya shige gida. Allon na nan a tsaye.

Inna Alma muka je wa a ƙarshe. Ba ta bar shi ya gama ba. Ta ce, "Zauna, ɗan nan. Shekara nawa na yi ina kallon irin wannan ruɗewa a fuskar Emil, kai ne za ka ɓoye mini? Wa kake tsammani ya riƙa ce maka yi dama, yi hagu, har maƙabarta?" Ya ce to ta yarda ya faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya faru ran nan. Ta ce, "Faɗi abin da kake so. Ni dai mijina ya ga gida." Ta cika mana jaka da burodinta mai alewa a tsakiya.

Renae ta bugo da yamma. Sun daɗe suna magana. Na ji yana gaya mata wace gada ce ke cika in an yi ruwa, da gidan da ba a zuwa mutum ɗaya. Ta ce za ta zo da takarda ranar Lahadi ya ƙara mata.

Lahadi, 4 ga Nuwamba, da yamma

Bayan a-kori-kurarmu ya cika da alluna. Amma Doreen ta ce a shagonta wata magana ake yi, wai mutumin da ya iya faɗin wannan gaskiyar shi ya fi cancanta, a zaɓe shi ko don girmamawa. Na ce ta gaya musu girmamawar ke nan su ji maganarsa. Ta ce, "Na faɗa har muryata ta dishe. Kin san mutanenmu, a gabanki su ce to."

Kendra na hanya. Na gaya mata komai. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, Allah ya yi mata albarka.

Litinin, 5 ga Nuwamba, da safe

Ya tashi yana tambayar ina kakinsa. Na gaya masa. Ya ce, "Haka ne." In suka zaɓe shi fa?

Talata, 6 ga Nuwamba, da tsakar rana

An ɗan yi dusar ƙanƙara. Mun jefa ƙuri'a a ɗakin 'yan kwana-kwana, inda aka yi tuyar fanke. Shi ya fara shiga, ya fito nan da nan, ya ce wa masu aikin, "Na zaɓi wadda ta fi ni." Aka yi dariya irin wadda ba ta kai ciki ba.

Ni na daɗe a bayan labulen. Sunansa na nan a rubuce, baƙi a kan fari, yadda na yi shekaru ina mafarkin gani. Har matar da ke bayana ta yi gyaran murya. Abin da na yi a ciki ba na littafin nan ba ne.

Laraba, 7 ga Nuwamba, da safe

Renae ta ci, da rata mai faɗi. Da Kendra ta karanto mana daga wayarta sai na zauna a kan matakala. Rabon da in ja numfashi har ƙasa tun ranar kwalin Doreen.

Lyle ya sa tabarau ya karɓi wayar, yana bin sakamakon rumfa-rumfa da yatsa. Yau garau yake. Ya yi ta murmushi.

Ya ce, "Shekara talatin ina ce musu su rage gudu, su kulle ƙofa, ba wanda ya ji. Na ce kar su zaɓe ni, sun ji. Ashe da gaske sun yarda da ni." Sai ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Da ya iso rumfarmu ta Marek ya tsaya. In aka ware waɗanda suka jefa tun kafin ya yi magana, ƙuri'a biyu ya samu jiya.

Ya ce, "Ɗaya Dwayne ne, wannan kansa dutse ne. Ɗayar fa? Wane mai kunnen ƙashi ne na je har gidansa ya ƙi ji?"

Kendra ta ce ƙila wani ne hannunsa ya kuskure. Ni na tashi na ɗauko butar kofi, na zuba masa, na zuba wa Kendra, na goge teburin da ba abin da ya zube a kai. Ina jin idonsa a bayana.

Ya ce, "Marlys."

Ban juyo ba.

Ya ce, "Marlys Benda, kin saɓa wa ɗan takara."

Na ce kofinsa zai huce. Ya miƙo hannu ya kama nawa, butar na ɗaya hannun, muka tsaya a haka. Ban san sau nawa ya rage masa ya kira sunan nan ba tare da wani ya riga shi faɗa ba. Yau dai ya san ni.